GAWO DA GARKA A ƘASAR MATAMEYE, DAGA ZAMANIN TANIMUN ZUWA YAU

 

Kusan duk wanda ya aiko da kuɗi gida a 'yan shekarun nan, in ba na gini ba ne ko na aure, to na injin ban ruwa ne. Wasu kuma sun ji a rediyo ana maganar noman da ba ya cin ruwa da yawa, da tsirrai masu jure fari, suna tambaya ko ƙungiya za ta nemo musu irin daga waje. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗan koma baya, mu duba yadda mutanen wannan ƙasa suka yi da ƙarancin ruwa tun dā, abin da ya ɓata musu aikin, da yadda ya dawo. Wanda zai kashe guminsa a kan gona gara ya san tarihinta.

Ƙasarmu dai iri biyu ce, kowa ya sani. Akwai jigawa, wato tudun rairayi inda ake gero da wake, akwai kuma kwari, irin na wajen Dungu da sauran rassan Korama, inda ruwa yake kusa, ake rake da rogo da dankali da kayan miya. Ruwan sama kuwa na wata uku ne zuwa huɗu, a shekara mai kyau wajen milimita 500 zuwa 600. Sauran wata takwas babu ɗigo. Kwarin kaɗan ne, ba kowane gida ke da rabo a cikinsa ba. Saboda haka babbar garkar talaka tun asali ita ce jigawar nan, kuma mai ban ruwanta shi ne gawo.

Mun ce mai ban ruwa, ba da wasa muke ba. Gawo itace ne da Allah ya yi shi a juye. Sauran itatuwa suna fid da ganye da damina su zubar da rani, shi kuwa da ruwan farko ya sauka sai ya kakkaɓe nasa, ya tsaya tsirara kamar busasshe har kaka. Ganyen da ya zubar ya zama taki daidai lokacin shuka, kuma ba ya tare wa gero rana, ba ya gasa da shi wajen shan ruwan damina. Da an yi girbi sai ya yi kore shar, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. Ruwan da yake sha da rani daga can ƙasa yake jawo shi, inda saiwar gero ba ta kai. A ƙasar Senegal masu bincike sun bi saiwarsa har fiye da mita 30. A jikin saiwar kuma akwai wasu ƙwayoyin halitta, irin waɗanda ke jikin saiwar wake da gyada, masu ɗauko abincin shuka daga iska su sa a ƙasa. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, 'ya'yansa suke zuba. Tumaki da awaki da shanu su taru a inuwarsa su ci, su yi kashi a nan, su bar wa mai gona taki kyauta. Ƙwayar da ta bi ta cikin dabba kuwa ta fi saurin tsirowa, don ɓawonta mai tauri ya yi laushi. Ga shi yana rage ƙarfin iskar da ke binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. A tashar binciken noma ta Bambey a Senegal an auna tun cikin shekarun 1960, aka tarar geron da ke ƙarƙashin gawo ya ninka na fili, har da ɗoriya. Kakanninmu ba su da ma'auni, amma sun san inda damin ya fi nauyi.

Sarakunan dā ma sun sani. Sarkin Damagaram Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya gina ganuwar Zinder, ya ƙera igwa, ya yi mulki har rasuwarsa a 1884, ƙasar Kance tana cikin masu binsa. Labarin da dattawa ke bayarwa, wanda Turawa masu binciken itatuwa su ma suka rubuta, shi ne an yi doka a Damagaram cewa wanda ya sare gawo a bakin ransa, wanda ya yi masa ɓarna kuma a bakin hannunsa. Hukunci ne mai tsanani, ba ma yabonsa. Amma a lura da abu ɗaya: dokar ta hana kashe itacen ne, amfaninsa kuwa, da takin da 'ya'yan da inuwar, na mai gona ne. Wannan bambanci shi ne gindin duk labarin da zai biyo.

Ban da gawo, akwai abin da mata suka riƙe. Bayan ɗaki, inda ruwan wanka da na wanke-wanke ke kwarara, nan uwar gida take sa zogalenta, da kabewa, da 'yar kuɓewa, da lalle a jikin danga. Ruwa ɗaya ya yi aiki biyu. A gona kuwa yakuwa da rama suke zagaye iyaka, ridi da guna a tsakanin gero, gamba a kan iyaka don zana da kuma riƙe ƙasa. Shingen garka na aguwa ne, wadda ake karya reshe a soka a rairayi da rani ta kama ba tare da an ba ta ko ludayi ɗaya ba, akuya kuma ba ta cinta. Sai kuka don miya, da magariya, da kurna, da aduwa, da goriba, da tsamiya. Ba wanda ya taɓa ɗaukar guga ya shayar da ɗayansu. A shekarar yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914, da ta shekarun bayanta, abin da ya tsaya tsakanin mutane da kabari shi ne irin su tafasa, da yaɗiya, da ganyen jiga, da anza, wadda sai an jiƙa 'ya'yanta kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ɗacin ya fita. Yaran yanzu suna jin kunyar sunan anza, alhali a cikin birnin Zinder an shiga sarrafa ta ana sa wa a leda ana sayarwa.

Faransawa sun kama Zinder a 1899. Abin da suka kawo wanda ya taɓa gona biyu ne, haraji na kuɗi da dokar daji. Haraji na kuɗi ya tilasta wa kowa noman abin sayarwa, abin sayarwa kuwa a nan gyada ce. Ƙasar Matameye da Magarya ta zama zuciyar gyadar Nijar, har a cikin shekarun 1950 aka kafa masana'antar matse man gyada a nan garin. Bayan samun mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen gyada, aka kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma da bashin kayan aiki. Dattawa suna tuna lokacin, dalar buhuna a kasuwa, da kekuna da rediyo da aure da kuɗin gyada. Ba mu raina wannan arziki ba, ya gina gidaje. Sai dai gyada ta cinye saurar da ake bari ta huta, kuma malaman gona na lokacin suna koyar da cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce a miƙe. Manomin da ya bar tsiro a gonarsa sai a ce rago ne.

Dokar daji kuwa ta 4 ga Yuli 1935 ce, wadda Faransa ta yi wa dukan ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Ita ce ta fara raba manomi da itacensa, ta ware wasu itatuwa ta ce ba a taɓa su sai da izinin hukuma. Gwamnatin Diori Hamani ta sabunta ta da dokar 4 ga Maris 1974, mako shida kacal kafin soja su karɓi mulki ran 15 ga Afrilu, gawo kuma yana cikin jerin itatuwan da aka tsare. Niyyar mai kyau ce. Amma ga yadda ta kasance a ƙauye: gawon da ke tsakiyar gonarka, wanda kakanka ya bari, in ka sassare reshensa don shinge ko don tumakinka, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. In wani ya zo da dare ya sare, da safe kai za a tambaya. To, wane mai hankali ne zai rena abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka koma kashe tsiron tun yana ƙarami, lokacin sassabe, kafin ya kai girman da hukuma za ta gan shi. Manyan suka tsufa suna faɗuwa ɗaya ɗaya, babu na baya.

Ana cikin haka fari ya zo. Ruwa ya fara ja da baya tun 1968, abin ya kai maƙura a 1973 da 1974. A 1975 kuma ƙwarin ɗarɓa suka yaɗa cutar kuturtar gyada a Nijar da arewacin Najeriya, gonaki suka lalace, gyada ba ta sake komawa matsayinta na dā ba. Mutane suka juya wa gero da wake, a kan ƙasar da ta riga ta gaji, ga jama'a tana ƙaruwa.

Gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki maganar itace da gaske, wannan ba a musunsa. Daga 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar mulkin kai, ta zama ranar dashen itace. Aka kafa wuraren renon dashe, aka raba dogon yaro da turare a leda, samariya ta fita da kiɗa ta dasa. Na bakin hanya da na makaranta da na kasuwa, waɗanda suka sami mai shayarwa, ga su nan muna shan inuwarsu. Na dajin gari kuwa, wanda aka ce na kowa ne, mafi yawa ba su ga damina ta biyu ba. Dashen leda yana son ruwa da shinge a ranin farko, kuma ba wanda zai ɗebo ruwa daga rijiya mai gaba goma ya kai wa itacen da ba nasa ba. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka amince cewa sai an sa talakawa a gaba. Daminar wannan shekara ita ce ta ƙi gaba ɗaya. Ga shi tun watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya ta kuma canja kuɗinta, hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da muke bi mu sayo hatsi ko mu tafi ci-rani ta toshe, ba a buɗe ba sai 1986. Shi ya sa aka sa wa yunwar suna El Buhari.

A wannan rani ne Kountché ya yi kiran noman rani. Aka haƙa rijiyoyi a kwaruruka, aka raba irin kayan lambu, mutanen da ba su taɓa riƙe guga don shuka ba suka koya. Salati da kabeji da tumatir da dankalin Turawa da muke gani a kasuwar Matameye da sanyi, yawansu daga nan ya samo asali. Ya ceci rayuka. Amma kwari bai isa kowa ba, kamar yadda muka faɗa.

Abin da ya faru a jigawa shi ne babban labari, kuma ba a yi masa ganga ba. A Maraɗi wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM, ya gaji da dashen da ke mutuwa. Wajen 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara a gona ba ciyawa ba ne, tohon itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin tsiro a gona, abin ya bazu. Shi ne ake kira sassaben zamani. Duniya ta san sunansa, har aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin a 2018, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso. Ya cancanta. Amma a nan ƙasar Matameye da Magarya da Mirya, waɗanda ma'aikata ke kira M uku, yawancin aikin manoma ne suka yi shi da kansu, ba furoje, ba rabon abinci. Taki na kanti ya fi ƙarfinsu, saura ta ƙare, dabbobin da za su yi taki sun mutu, sai suka tuna da abin da iyayensu ke faɗi a kan gawo.

Aikin ba shi da wuya, ga shi don matasan da suka tashi a birni. Da bazara, lokacin sharar gona, in ka tarar da kututture ya yi toho goma, ba ka sare duka. Ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran, ka sassabe ƙananan rassan ƙasa har wajen rabin tsawon, da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. In tsiron ƙwaya ne, ka kafa masa alama ko ka kewaye shi da ƙaya don mai noma da akuya. Shekara ta gaba ka sake. Saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, shi ya sa tohon kalgo ko sabara yake yin girman da dashen leda ba zai yi ba, kuma ba ya neman ruwanka. Abin da ka sassabe ya zama itacen girki, mace ta huta da tafiyar rabin yini.

Me ya sa aka bari a wannan karon, alhali dokar 1974 tana nan? Domin hukuma ta yi rauni. Daga ƙarshen shekarun 1980, da Taron Ƙasa na 1991, da rashin albashi, ma'aikatan gandun daji suka daina yawo ƙauyuka kamar dā, mutane suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka biyo baya suna ƙara wa manomi ƙarfi. Karyewar darajar sefa a Janairu 1994 ta ƙara tsadar takin kanti, gawo ya ƙara daraja. Abin dariya ne, ko na kuka: shekara hamsin ana tsaron itace da tara yana ƙarewa, da aka sakar wa mai gona sai ya yawaita.

A 2006 masu bincike, Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokan aikinsu, suka zagaya M uku, suka ƙiyasta gonakin da itatuwa suka dawo a cikinsu sun kai wajen hekta miliyan 1, mafi yawa gawo. A Nijar duka ana lissafin hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Hotunan sama na 1975 da aka gwada da na bayan shekara 30 sun nuna garuruwan da mutanensu suka ninka, itatuwansu kuma suka fi haka ninkawa. Wani binciken da Farfesa Yamba Boubacar na Jami'ar Yamai ya jagoranta ya nuna gundumar Kance ta noma hatsi fiye da bukatarta kowace shekara daga 2007 zuwa 2011, har a 2011 da aka yi fari rarar ta kusa tan 14,000.

Kada wannan lissafi ya ruɗe mu. Rarar gunduma ba ita ce rarar kowane rumbu ba. Shekara biyu bayan haka, a watan Oktoba 2013, aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su, mafi yawansu mata da yara, da yawansu kuma daga ƙasarmu ta Kance. Allah ya jiƙansu da rahama. Gawo yana ƙara wa gona albarka, amma ba ya ƙara mata faɗi, gonar da aka raba wa magada sau uku kuwa ta koma tabarma. Gidan da ba shi da ko wannan, itacen maƙwabci ba ya ciyar da shi.

Mu dawo kan inji. Ba mu hana kowa saya ba, garkar kwari tana kawo kuɗi da rani, tana riƙe samari a gida. Amma ruwan kwari daga ruwan saman da ya nutse cikin jigawa yake zuwa, ba kogi ne ke kawo shi ba. Sa'ad da ake ɗiba da guga da jigo, ƙarfin mutum ne iyakarsa. Inji kuwa ba ya gajiya, balle mai aiki da hasken rana, wanda tun da man Najeriya ya yi tsada a 2023 kowa ke nema. In garka goma suna jan ruwa yini guda a kwari ɗaya, rijiyar mai guga ce ke fara ƙafewa, shi ne kuwa mafi talauci a cikinsu. Rake yana kusan shekara a ƙasa yana sha, a bar shi a gindin kwari inda laima take. A gefe, inda ruwa ya yi nisa, rogo da zogale da yakuwa sun fi dacewa, da magariyar aure mai manyan 'ya'ya wadda tashar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa. A yi fangali ƙanana masu zurfi, a zuba takin gida, a rufe da ƙaiƙayi ko kara, a yi ban ruwa da asuba ko da la'asar sakaliya. Masu tambayar ramukan tassa da rabin wata da suka gani a ƙasar Tawa, waɗannan na fako ne, ƙasa mai tauri wadda ruwa ke gudu a kanta. A rairayinmu ruwa ba ya gudu, nutsewa yake, ramin kuma iska za ta cike shi kafin damina.

Saura maganar gonakin 'yan ci-rani, wadda dattawa suka sha kawowa. Gonar da mai ita ba ya nan ita ce ake fara yi wa aski da barandami cikin dare, ita ce kuma ɗan ƙwadago ke sharewa tas don ya gama da wuri, tun da kuɗin fili aka yi da shi. Wasu magada kuma, in bukata ta taso, sai su sayar da babban gawo ga masu turmi da masu itace, a sha kuɗin cikin mako ɗaya. Gawon da ke ba da buhunan 'ya'ya yau, yawancinsa tsiron da aka bari ne bayan El Buhari, ya shekara wajen arba'in ke nan. Sharar gona tana farawa daga watan Maris. Wanda zai aiko da kuɗin ƙwadago bana, ya haɗa da saƙo ga wanda ke riƙe masa gona cewa a bar tsiron gawo da na kalgo, a kafa musu alama, a kuma gaya wa ɗan ƙwadagon tun kafin ya ɗaga gatari.